Kafin ka ɗauki hayar ƙaramar jif zuwa Mambila

Mai niyyar zuwa Gembu daga Jalingo, ta Bali da Serti, ya san cewa aikin yana farawa ne daga Mayo Selbe, inda hanya ke miƙewa sama tana lanƙwasa. Shi ya sa mutane ke neman hayar ƙaramar jif irin Toyota RAV4 ko Honda CR-V: ta fi ƙaramar mota tsayi daga ƙasa, kuma ba ta shan mai kamar Prado, abin dubawa tun da aka cire tallafin fetur a 2023.

Sai dai ba kowace jif ce ke ja da ƙafa huɗu ba. Da yawa daga cikin 'yan Kwatanon da ke yawo a titunanmu tayoyin gaba kaɗai ke jan su, an dai ɗora musu jikin jif. Wasu kuma da ƙafa huɗu aka ƙera su, amma da sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya ta fara ƙara, sai makanike ya kwance ta ya jingine a gareji, tambarin AWD kuwa yana nan a bayan mota yana sheƙi. Don haka kada ka tsaya ga tambari. Durƙusa ka leƙa ƙarƙashi. In ka ga doguwar sandar ƙarfe ta taso daga wajen giya ta nufi tsakanin tayoyin baya, to madalla. In babu, kuɗin ƙafa huɗu za ka biya a kan ƙafa biyu.

Ko wadda ke da sandar ma tana da iyaka. Galibin RAV4 da CR-V da tayoyin gaba suke tafiya, sai sun fara santsi na baya su kawo ɗauki. Wannan ya isa ga kwalta mai ramuka da jar ƙasa bayan yayyafi. Amma ba su da giyar ƙarfi ta 4L, wadda ke sa mota ta riƙa rarrafe a taɓo ko kan duwatsu. Suzuki Jimny tana da ita, sai dai mutum huɗu da jakunkunansu sun cika ta. Mai son kutsawa cikin gandun dajin Gashaka-Gumti da damina, a ganina gara ya ƙara kuɗi ya nemi Hilux.

Dubi taya kuma. A gefenta akwai lambobi huɗu: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tsohuwar taya ko zanenta bai cinye ba tana iya fashewa. Safaya, jak, na'urar kashe gobara da alamar tsayawa mai kusurwa uku, duk jami'an FRSC za su tambaya.

Batun kuɗi, a nan ake yawan samun saɓani. Galibin masu ba da haya a Najeriya da direbansu suke bayarwa, kuma farashin yini a cikin gari daban yake da na fita wata jiha. Wa zai sha mai, wa zai ciyar da direba ya kama masa ɗaki, wa zai biya in mota ta lalace a Nguroje? A rubuta, kowa ya sa hannu. Ka tambayi irin inshorar ma. Wadda doka ta wajabta, ta naira 15,000 ga motar gida tun Janairun 2023, ɓarnar da aka yi wa wani take biya, ba ta gyara motar da kake ciki. Ka ɗauki bidiyon jikin motar da allon mai a gaban mai ita kafin ka tashi.

Ranar dawowa, a gangaren Mayo Selbe, a sa giya a L ko 2 inji ya riƙe motar. Birkin da aka danne tun daga sama zafi yake yi, ya daina kamawa kafin a kai ƙasa.