Yadda ake auna turjiyar lantarki daidai

Kuskure wajen auna turjiyar lantarki kan sa mai gyara ya yar da kaya mai kyau, ko ya ƙona mitarsa. Ana auna turjiya da om, ma'aunin da aka sanya wa sunan masanin ƙasar Jamus, Georg Ohm, wanda ya wallafa ƙa'idarsa a 1827.

Maltimita kan tura ɗan lantarki daga batirinta ta cikin abin da ake aunawa, sannan ta lissafa turjiyarsa. Saboda haka wajibi ne a fara cire wuta, a sauke cajin kapasita, a kuma zare ƙafa ɗaya ta kayan daga allo, don kada sauran kayan su karkatar da sakamakon.

Wayoyin gwajin su ma suna da turjiya. Akan haɗa bakunansu a karanta adadin, sannan a debe shi daga awon. Riƙe ƙarfen da yatsu yana rage adadin babbar turjiya, domin jikin mutum na wuce da lantarki.

Idan turjiyar ba ta kai om 1 ba, dabarar Kelvin mai wayoyi 4 ta fi dacewa: biyu su kai lantarki, biyu su auna ƙarfinsa.