Kukan birki da gurnanin taya: yadda ake gane ciwon mota kafin a kai ta gareji

A Agege, unguwar da Hausawa suka kafa zango tun zamanin cinikin goro da layin dogo, birki ba ya samun hutu. Daga gadar Pen Cinema da aka buɗe a 2021 zuwa babban titin Legas zuwa Abeokuta, direba kan taka birki sau ɗaruruwa kafin ya ci ƴan kilomitoci. Ga ruwan sama da ke kwanciya a titi, ga yashi, ga ramuka. Shi ya sa ƙwararren bakanike a wannan yanki ba ya gaggawar ɗaukar sifana idan aka kawo masa mota mai ƙara. Tambaya yake fara yi: yaushe ne ƙarar ke fitowa?

Amsar wannan tambaya ce ke raba gyaran kuɗi kaɗan da wanda zai cinye albashin wata, kuma mai mota ne kaɗai ke da ita.

Ƙarar da ake ji da sassafe, musamman bayan an kwana ana ruwa ko an wanke mota, yawanci ba abin damuwa ba ce. Tsatsa ce marar kauri ke hawa farantin birki, kuma tana gogewa da zarar an taka birki sau uku ko huɗu. Motar da aka ajiye a harabar gida tsawon hutun ƙarshen mako ma takan yi haka. A Abuja kuwa, ƙurar hunturu da ke taruwa cikin durom ɗin tayoyin baya kan haifar da irin wannan kuka.

Siririyar ƙara mai kama da fito, wadda ba ta ɗaukewa, magana ce dabam. Yawancin fad ɗin birki na ɗauke da wani ɗan ƙarfe da aka sa da gangan domin ya taɓa farantin idan lainin ya kusa ƙarewa. Sabon fad na da kaurin milimita 10 zuwa 12, ƙarfen kuma kan fara kuka idan saura kimanin milimita 2 ko 3. Gargaɗi ne, kuma a wannan mataki fad kaɗai za a canja. Wanda ya yi biris zai ji ƙarar ta rikiɗe zuwa gurza, alamar ƙarfe na cin ƙarfe. Daga nan sai an haɗa da faranti, kuma tazarar tsayawar mota ta ƙaru.

Idan ƙarar na fitowa ko ba a taka birki ba, akwai abubuwa biyu da ake dubawa. Ko dai tsakuwa ta maƙale tsakanin faranti da murfinsa na baya, abin da ake cirewa cikin ƴan mintuna, ko kuma maƙallatar da ke matse fad ta cije ta ƙi saki. Ana gane ta biyun idan mota na ja gefe guda, ana jin ƙauri, kuma ƙafa ɗaya ta fi sauran zafi bayan gajeriyar tafiya. A kusantar da hannu kawai, kada a taɓa.

Ba kowace ƙara ce ta birki ba. Gurnanin da ke ƙaruwa da gudu, yana kuma sauya murya idan aka karkata sitiyari, alamar boris ɗin taya ne. Ana ɗaga motar da jak a girgiza tayar. Idan tana wasa, ciwon ya yi nisa. Ƙas-ƙas da ake ji yayin shan kwana a hankali kuwa daga kan shaf yake, galibi bayan robarsa ta yage, giris ya tsiyaye, yashi ya shiga.

Sai batun kaya. A kasuwar Ladipo da ke Mushin, kamar yadda yake a Apo da Zuba, ana samun fad iri-iri a farashi iri-iri. Mai arha kan yi kuka tun yana sabo, zafi kuma kan sa fuskarsa ta yi santsi ta rage kamu. Ƙa'ida ita ce a canja na dama da na hagu tare, a kuma nemi ganin tsohon da aka cire. Giris na wuraren zamiya ne kawai. Fesa mai a fuskar fad ko faranti domin kashe ƙara kashe birkin ne gaba ɗaya.

Ga ma'aikacin da ke shirin tuƙa iyalinsa fiye da kilomita 700 daga Abuja zuwa Legas ta Lokoja da tuddan Okene, ko hadimin da ke kula da motar maigidansa, mako guda kafin tafiya ne lokacin sauraro. A kashe rediyo, a sauke gilashi, a bi titi marar hayaniya a hankali, a lura da gefen da ƙarar ke fitowa da lokacin da take ɗaukewa. Idan kuma feda ta yi laushi, tana nutsewa, ko man birki na raguwa, wannan ya wuce sauraro: a ajiye motar har bakanike ya duba ta.