Inji Ma Ya San Hunturu da Bazara

Ɗan kabu-kabu a Dakoro kan kai moto wurin makaniki a watan Janairu, a saita masa karbureta, inji ya riƙa tashi da bugu ɗaya. Afrilu na kamawa sai ga baƙin hayaƙi, ga shan esansi, ga kasala cikin rairayi. Sai ya ce an cuce shi, alhali iska ce ta sauya.

Inji ba ya ƙona mai sai da iska, kusan awo 15 na iska ga awo 1 na esansi, a ma'aunin nauyi. Iskar asubahin hunturu a cushe take saboda sanyi. Idan ma'aunin zafi ya tashi daga 15 zuwa 45, iskar da inji ke shaƙa kan ragu da kusan kashi 10 cikin 100. Man da ya yi daidai a hunturu sai ya yi yawa a bazara. Wanda aka saita a bazara kuma ya yi kaɗan a hunturu, inji ya ɗau zafi. Ƙura ma tana toshe matatar iska, ta shaƙe injin.

Masu wasa da ƙananan jiragen sama na rimot sun san wannan sarai. Injinsu bai wuce tafin hannu ba, yana shan metanol gauraye da man zurman, kuma sukan duba allurar saita mai ta karbureta duk ranar da za su tashi jirgi. Idan sabo ne, sukan sakar masa mai, su kunna na ƴan mintoci, su bari ya huce, su sake, har ƙarfe ya saba da ƙarfe.

Haka sabon moto, janareta ko injin ban-ruwa ke buƙata lokacin rodaji. Kada a labta masa buhunan hatsi tun ranar farko, kada a murɗe totur har ƙarshe, a kuma juye baƙin mai da wuri, domin yana ɗauke da garin ƙarfe.

Game da saitin karbureta kuwa, launin buji ne mai ba da shaida: baƙin toka, mai ya yi yawa, fari fat, ya yi kaɗan, ruwan ƙasa, an dace. Kafin a taɓa karbureta, a fara wanke matatar iska. Sannan a murɗa allurar mai kaɗan, a saurari inji, a ƙara.