Sanin Kalma da Hanyoyin Auna Shi: Matsalar Mai Shirin Jarrabawar Ingilishi

Gabatarwa

A kowace shekara ɗalibai masu yawa da ke neman ƙaro ilmi a jami'o'in Ingila da Amurka da Kanada da Ostiraliya sukan tarar ba za a karɓe su ba sai sun kawo shaidar ƙwarewa a harshen Ingilishi. Jarrabawa biyu ne suka fi shahara wajen ba da wannan shaida. Ta farko ita ce TOEFL, wadda aka fara yi a Amurka cikin shekarar 1964. Ta biyu kuwa ita ce IELTS, wadda aka ƙaddamar cikin 1989. Abin da ɗalibi kan fara yi da zarar ya biya kuɗin jarrabawa shi ne ya nemo littafin jerin manyan kalmomi, ya duƙufa hadda ba dare ba rana. Sau da yawa sakamako kan fito ba yadda aka zata ba, kuɗi sun tafi, gurbin karatu ya wuce, sai kuma jiran baɗi. Makasudin wannan lacca shi ne bayyana inda kuskuren yake, ta hanyar amsa tambayoyi uku: kalmomi nawa ake bukata, mene ne sanin kalma, kuma yaya ake auna shi.

Kalmomi Nawa Ake Bukata?

Kafin a yi ƙidaya dole a san abin da ake ƙidayawa. Masana koyar da harshe sukan lissafa kalmomi ne gida-gida, watau a ɗauki saiwar kalma tare da duk waɗanda suka tsiro daga gare ta ta hanyar ɗafa-goshi ko ɗafa-ƙeya, a ce gida guda ne. A Hausa, karanta da karatu da makaranta da makaranci 'yan gida ɗaya ne. Haka nan a Ingilishi, analyse da analysis da analyst da analytical. Yawancin alƙaluman da za su biyo baya na gidaje ne.

Kalmomin harshe ba su yi daidai da juna wajen yawan aukuwa ba. Kaɗan daga cikinsu su ke ɗauke da mafi yawan nauyin magana, sauran dubbai kuwa sai jefi-jefi ake cin karo da su. Edward Thorndike ya tabbatar da haka ga malaman makaranta cikin 1921, lokacin da ya fitar da jerin kalmomi 10,000 bisa ga yawan aukuwarsu. Cikin 1953 Michael West ya buga nasa jerin na kalmomi wajen 2,000, waɗanda su kaɗai kan cike kimanin kashi 80 cikin ɗari na rubutun yau da kullum.

Mai jin wannan adadi zai ɗauka aiki ya kusa ƙarewa, alhali kuwa da sauran rina a kaba. A ɗauki shafi mai kalmomi 300. Wanda ya san kashi 80 cikin ɗari zai ci karo da baƙin kalmomi 60 a wannan shafi guda, watau ɗaya cikin kowace biyar, kuma ba mai fahimtar da zai iya yi a haka. In ya san kashi 95, baƙin sun koma 15. In ya kai kashi 98, saura 6 kacal, kuma a nan ne mai karatu kan iya cinkar ma'anar baƙuwar kalma daga maƙwabtanta ba tare da ya buɗe ƙamus ba. Paul Nation, na jami'ar Victoria da ke Wellington a ƙasar Niyu Zilan, ya ƙiyasta cikin 2006 cewa kai wa ga kashi 98 yana bukatar gidajen kalmomi 8,000 zuwa 9,000 a karatu, da 6,000 zuwa 7,000 a sauraron magana.

Tsakanin 2,000 da 8,000 akwai tafiya, amma akwai zango mai amfani a hanya. Cikin shekarar 2000 Averil Coxhead, ita ma daga wannan jami'a, ta bincika rubuce-rubucen ilmi masu kalmomi miliyan uku da rabi, ta tsamo gidaje 570 da ba su cikin jerin West amma suna yawan aukuwa a kowane fanni, kamar concept da method da significant. Waɗannan kaɗai kan cike kimanin kashi 10 cikin ɗari na littattafan jami'a. Ashe ke nan ɗalibin da ya tsallake su ya tafi haddace kalmomin da ko Baturen Ingila kan shekara bai furta ba, ya bar jaki ne yana dukan taiki.

Mene Ne Sanin Kalma?

Ko da an zaɓi kalmomin da suka dace, akwai matsala ta biyu, wadda ta fi ta farko zurfi. Mai hadda yakan rubuta kalmar Ingilishi a hagu, ma'anarta guda a dama, in ya iya haɗa su sai ya ce ya san ta. Bahaushe bai kamata ya faɗa wannan rami ba, domin kuwa harshensa ya ishe shi darasi. Baƙon da aka gaya wa ma'anar "ci" ita ce sa abinci a baki, me zai fahimta in ya ji an ce wane ya ci kasuwa, ko ya ci amana, ko ya ci bashi, ko ya ci sarauta, ko ya ci jarrabawa? Haka "sha" take: ana shan ruwa, ana shan iska, ana shan wahala, ana shan alwashi. Kalmomin Ingilishi irin su take da get da run haka suke, kowace da rassa masu yawa, kuma su ne suka fi aukuwa.

Saboda haka sanin kalma ya ƙunshi abu uku. Na farko siffarta, watau yadda ake furta ta da yadda ake rubuta ta. Na biyu ma'anoninta. Na uku yadda ake amfani da ita, watau irin jimlar da take shiga, da wurin da ta dace, da kuma abokan tafiyarta. Wannan na ƙarshe shi ya fi kayar da ɗalibai, domin harshen uwa yakan yi musu jagora ba su sani ba. Tun da Bahaushe shan magani yake yi, sai ya rubuta drink medicine, alhali Bature take yake cewa. Tun da jin ƙamshi yake yi, sai ya sa hear inda ake bukatar smell. Kowace kalma a nan ɗalibin ya san ta, haɗin ne bai sani ba.

Akwai kuma bambanci tsakanin kalmar da mutum ke ganewa in ya gan ta ko ya ji ta, da wadda zai iya fito da ita da kansa lokacin bukata. Na farkon kullum sun fi na biyun yawa, ko a harshen uwa. Jarrabawa kuwa duka biyun take nema. IELTS ba ta da wani sashe na kalmomi shi kaɗai, amma a sashen rubutu da na magana kashi ɗaya cikin huɗu na maki yana kan yalwar kalmomi da dacewarsu. Babbar kalma da aka cusa inda ba muhallinta ba rage maki take yi. Ita ma TOEFL a da takan kawo kalma cikin jimla guda a nemi wadda ta yi daidai da ita, abin da ya ƙarfafa haddar jeri, sai cikin 1995 aka mayar da tambayoyin kalmomi cikin nassin karatu.

Yadda Ake Aunawa

Ba a iya tambayar mutum kalmomi dubu goma ɗaya bayan ɗaya, don haka sai a yi yadda mai sayen hatsi kan yi, ya damƙo kaɗan daga buhu ya san sauran. Cikin 1983 Nation ya tsara gwaji mai hawa-hawa, wanda ke duba matakin kalmomi 2,000 da 3,000 da 5,000 da 10,000 da kuma kalmomin jami'a, don a gane hawan da ɗalibi ya tsaya. Cikin 2007 shi da David Beglar suka fitar da wani mai tambayoyi 140, goma daga kowane dubu har dubu 14. Kowace amsa daidai tana wakiltar gidaje 100, watau wanda ya ci 65 ana ƙiyasta yana da wajen 6,500. Paul Meara kuma ya yaɗa wata dabara inda ake ba ɗalibi jeri ya nuna waɗanda ya sani, amma an cakuɗa da kalmomin ƙarya masu kama da na Ingilishi, duk wanda ya ce ya san su sai a rage masa maki.

Dukkan waɗannan faɗin sani suke aunawa. Domin auna zurfi, John Read ya tsara gwaji cikin 1993 inda ake ba da kalma guda a nemi ɗalibi ya zaɓo waɗanda ke da dangantaka da ita ta ma'ana ko ta zaman tare. Wanda ya sami adadi mai yawa a gwajin faɗi kada ya saki jiki, sai ya ga abin da alƙalaminsa da bakinsa za su iya fitarwa.

Yadda Ake Ginawa

Tun cikin 1885 Hermann Ebbinghaus, wani masani Bajamushe, ya nuna cewa mafi yawan mantuwa tana aukuwa ne jim kaɗan bayan koyo, daga nan sai ta rage sauri. Maganinta shi ne bita a rarrabe: gobe, bayan kwana uku, bayan mako, bayan wata. Masu hadda a ƙasar Hausa sun daɗe da sanin cewa abin da ba a tilawarsa gudu yake yi. Cikin 1972 Sebastian Leitner ya mayar da wannan tsari na katuna da akwatuna, katin da aka tuna ya ci gaba zuwa akwatin da ba a yawan dubawa, wanda aka manta ya komo na farko. Manhajojin waya na koyon kalmomi da yawa a kan wannan tushe aka gina su.

Irin bitar ma tana da muhimmanci. Cikin 2008 Jeffrey Karpicke da Henry Roediger suka koya wa ɗalibai a Amurka kalmomin Swahili 40. Bayan mako guda, waɗanda aka riƙa yi wa tambaya a kai a kai sun tuna kimanin kashi 80 cikin ɗari, waɗanda aka daina tambayarsu kuwa ba su wuce kusan kashi ɗaya cikin uku ba, ko da sun ci gaba da duba kalmomin. Watau ƙoƙarin tunowa shi ke kafa kalma a ƙwaƙwalwa, gwaji da kansa hanyar koyo ne. Sai dai kati ba ya koyar da abokan tafiyar kalma. Wannan sai yawan karatu da sauraro na abin da bai fi ƙarfin mutum ba, tare da rubuta kowace sabuwar kalma cikin jimlar da aka same ta.

Kammalawa

Lissafin lokaci shi zai rufe magana. Mai koyon gidaje goma a rana zai gama jerin Coxhead cikin kwana 57. Amma wanda gwaji ya nuna yana da 4,000, yana son ya kai 8,000, yana bukatar kwana 400 a wannan gudu, ban da lokacin bita. Don haka abin da ya kamaci ɗalibi shi ne ya auna kansa tukuna, ya san hawan da yake, ya cike giɓin da ke ƙasa kafin ya hau sama, sa'an nan ya sa ranar jarrabawa bisa ga abin da awon ya nuna. Malamai da iyaye masu biyan kuɗi su ma ya kamata su riƙe wannan lissafi, domin ba a fafe gora ranar tafiya.