Cinikin Aya Da Wake Ta Imel: An Ƙara Makullai, Amma A Buga Waya Kafin A Tura Kuɗi

Duk wanda ya san kasuwannin Tasawa da Mayahi a jihar Maraɗi ya san cewa a da ciniki na baki da baki ne: falke ya zo, dillali ya tsaya tsakani, a auna gero ko wake da tiya, a ƙirga kuɗi a gaban shaidu. Al'amura sun fara canjawa ne daga shekarar 2001, lokacin da kamfanin Celtel, wanda a yau ake kira Airtel, ya kawo wayar salula Nijar. Wata malamar jami'a 'yar Amurka, Jenny Aker, ta bi diddigin kasuwannin hatsi na ƙasar daga 2001 zuwa 2006, inda ta gano cewa zuwan waya ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin 100.

A yau kuwa, mai son sayar da aya ko riɗi ko wake ga babban kamfani a Kano ko Legas ko ƙasashen waje, ko ƙungiyar mata mai neman kwangila daga masu ba da agaji, ba ya tsira daga wasiƙar intanet, wato imel. Ta nan ake aiko da takardar farashi, ta nan ake aiko da lambar asusun banki. To, inda kuɗi suka bi, nan ɓarawo ke bi.

Dabarar mazambatan ba ta da wuyar ganewa. Sukan sace kalmar sirrin wani ɗan kasuwa, su yi shiru suna karanta wasiƙunsa har ranar da za a biya kuɗin kaya, sannan su aika wa abokin cinikinsa saƙo da sunansa cewa an canja asusu, a tura kuɗin can. Hukumar FBI ta Amurka ta ce a shekarar 2023 kaɗai an kai mata ƙarar asarar sama da dala biliyan 2.9 ta irin wannan zamba. Idan mai karatu bai manta ba, a watan Fabrairun 2021 wata kotu a Amurka ta ɗaure Obinwanne Okeke ɗan Najeriya shekara 10, bayan da aka kutsa cikin akwatin imel na babban jami'in kuɗi na kamfanin Unatrac a 2018, aka kwashe kusan dala miliyan 11. Idan kamfani mai ma'aikatan kwamfuta ya faɗa wannan rami, ina ga falken da ɗansa ne ke duba masa saƙo a waya?

Wannan ne ya sa masu manhajar manyan kwamfutocin da ke karɓa da rarraba wasiƙu, waɗanda suke tamkar gidan waya na intanet, suka ƙara makullai. Na farko shi ne hatimi. Akwai wasu ƙa'idoji uku, SPF da DKIM da DMARC, waɗanda ke sa kwamfutar mai karɓa ta duba ko wasiƙar daga gidan da ta ambata ta fito, kuma ko an taɓa ta a hanya. Daga watan Fabrairun 2024 Google da Yahoo sun wajabta wannan hatimi ga masu aika wasiƙu da yawa, inda Google ya sa iyakar a kan 5,000 a rana, Microsoft ma ya bi sahu a watan Mayun 2025. Na biyu shi ne mabuɗi biyu: bayan kalmar sirri sai an shigar da wata lamba da ke zuwa a wayar mai akwatin, ta yadda wanda ya saci kalmar kaɗai ba zai shiga ba. Na uku, ana iya sa manhajar kamfani ta riƙa liƙa gargaɗi a kan duk wasiƙar da ta fito daga waje. Haka kuma masu ofisoshi su sani cewa tun ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina kula da tsofaffin manhajojinsa Exchange 2016 da 2019, don haka mai riƙe da su tamkar mai shago ne da ruɓaɓɓiyar ƙofa.

Sai dai fa hatimi ba ya kama kowane ɓarawo. Idan mazambaci ya buɗe adireshi mai kama da na abokin cinikinka, ya canja harafi ɗaya tak, wasiƙarsa za ta wuce da nata hatimin. Idan kuma ya riga ya shiga ainihin akwatin, ai daga cikin gida yake rubutu. Ga mata masu sana'a da ke ciniki ta WhatsApp ma salon ɗaya ne: a yaudari mutum ya karanto lambar da ta shigo wayarsa, a ƙwace layinsa, a shiga roƙon kuɗi da sunansa.

Saboda haka, Alhaji da Hajiya, duk saƙon da ya ce an canja asusu ko a gaggauta biya, a dakata. A kira mutumin ta tsohuwar lambarsa da aka sani, ba wadda ke cikin saƙon ba, a ji muryarsa. A sa yaron da ya iya waya ya kunna mabuɗi biyu a imel da WhatsApp, kuma kada a ba kowa lambar da ta shigo, ko da ya ce daga kamfani yake. Idan kuɗin masu yawa ne, a fara tura kaɗan, a tabbatar sun isa hannun mai su.

Kuɗin kiran minti ɗaya bai kai na tiyar gero ba, amma yana iya ceton jarin shekara guda. Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu, Ya ba da kasuwa mai albarka.