Yini Guda A Tungar Masunta Ta Bakin Ruwan Bakolori

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. 

Ku sani, 'yan'uwa, alhazanmu da sunka ga tekun Jidda, da fatakenmu masu zuwa Ikko da Kwatano, sukan dawo suna ba mu labarin garuruwan masunta na bakin teku, har mai saurare ya ji kamar ya ɗaura kaya. To, mu mutanen Maradun da Mafara da Bakura ba mu da teku, amma ga ruwan Bakolori nan kusa da mu, kuma da yawa cikinmu sun tsufa ba su taɓa yini a bakinsa ba. Ni kaina na shekara fiye da ashirin ina karantar da babin ruwa da babin abinci, ban taɓa zama da masunci na tambaye shi sana'arsa ba. Saboda haka wata Alhamis ta kaka, da yake ranar hutun allo ce, na ɗauki manyan almajiraina biyu da wani abokina mai fataucin kifin banda, munka nufi wata tunga ta masunta.

Wajibi ne in fara da zancen hanya. Tun wajen 2011 'yan bindigar daji sunka addabi ƙasar Zamfara, Maradun kuwa tana cikin wuraren da sunka fi shan wuya. Tafiyar gajera ce, ba ta da wahala ga jiki, amma ba a yinta da ka. Tun ranar Talata munka aika wurin Sarkin Ruwan tungar, ya aiko mu zo. Daren Laraba munka sake tambayar masu babura da sunka bi hanyar a yinin nan. Ba mu fita ba sai da rana ta hudo, kuma munka yi alkawari da mutanen gida za mu komo kafin la'asar. Wanda anka ce masa hanya ba kyau, ya zauna gida ya jira wata Alhamis.

Ruwan nan na Gulbin Sakkwato ne anka tare. An fara ginin madatsar a 1974, anka gama a 1978, wani kamfanin ƙasar Italiya mai suna Impresit shi ya yi aikin. Tsawon ginin kilomita 5.5 ne, tsayinsa mita 48, in tafkin ya cika kuwa yakan rufe wajen hekta 8,000, ya miƙe wajen kilomita 19 ta inda gulbin ya fito. An yi shi ne domin noman rani a ƙasar Mafara da Bakura da Maradun, kuma har yau ana noman shinkafa da ruwansa.

Amma an biya shi da tsada. Dubban mutane anka tasa daga gidajensu da gonakinsu, har da mutanen tsohon garin Maradun, anka mai da su sabon wuri. Ina yaro ƙarami sa'an nan, abin da na riƙe shi ne mahaifina ya ɗaure allunansa da littattafansa cikin buzu ya aza wa jaki. A watan Afrilu na 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari, manoma sunka tare hanyoyin aikin suna neman diyya, anka aiko 'yan sandan kwantar da tarzoma, rayuka da yawa sunka salwanta. Mutanen da ke ƙasa da madatsar kuma ambaliyar da ke shayar da fadamunsu ta ragu, shinkafarsu da kifinsu sunka ragu tare. Da munka tsaya bakin ruwan na gaya wa almajiraina wannan duka, domin su san abin da ke ƙarƙashin abin da suke kallo.

Mun isa da hantsi, daidai lokacin da jirage ke komowa. Masunta kan shimfiɗa taru da mamari da maraice, su kwana cikin ruwa, da asuba a je a ɗebe. Mamari igiya ce doguwa mai ƙugiyoyi da yawa. Akwai kuma masu jefa birgi daga kan jirgi, da masu kafa gura a gefen ciyawa. Anka zube kamun a kan tabarmi, munka ga tarwaɗa da karfasa da kurungu da kawara. Abin da ba a sayar ɗanye ba mata kan ɗauke shi, su fede, su wanke, su lanƙwasa tarwaɗa su soke ta da tsinke, su jera bisa raga a kan wuta mai hayaƙi. Bandar da ta bushe sosai takan jure tafiya har kasuwar Talata Mafara da Gusau da Sakkwato, wadda ba ta ji wuta ba kuwa tsutsa ke cinye ta cikin kwali.

Sarkin Ruwa dattijo ne, ya shimfiɗa mana tabarma gindin wata bishiya, ya ce, "Allah gafarta Malam, yau dai allo ya zo gai da taru." Na ce, "Ranka ya daɗe, karatu na zo ɗauka." Ya ce su Sarkawa ne, kakanninsa daga ƙasar Kabi sunka biyo gulbi. Ya tuna mini cewa wanga gulbi daga wajen Funtuwa ya taso, ya wuce Gusau, ya zo nan, ya gamu da Rima kusa da Sakkwato, ya bi ta Argungu inda ake bikin kamun kifi tun 1934, kāna ya faɗa Kwara, Kwara kuwa ta kai shi teku. Na dubi almajiraina na ce, to, ga farkon tekun da ake ba ku labari.

Da azahar ta yi, ɗaya daga cikin yaran ya tambaya ko za mu yi ƙasaru. Na ce a'a, domin a Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani tafiyar ƙasaru barid huɗu ce, watau mil 48, mu kuwa ba mu yi ko kusa ba. Ɗayan ya ce ruwan ya yi ja da laka, ko alwala ta inganta da shi? Na ce ta inganta, domin ruwan da ƙasar mazauninsa ta sāke kamarsa yana nan mai tsarkakewa. Kifi kuwa a mazhabar Imamu Malik ba ya bukatar yanka. Munka yi salla cikakkiya tare da mutanen tungar, kāna anka kawo tuwon shinkafa da romon tarwaɗa.

Yanzu ga abin da ya shafi fatake. Sarkin Ruwa ya ce wasu 'yan kasuwa kan ba masunci kuɗin taru, da sharaɗin duk abin da ya kamo nasu ne a kan farashin da sunka yanke tun kifin yana cikin ruwa. Abokina ya sunkuyar da kai, ya ce shi ma ya taɓa yin haka. Malaman fiƙihu da kifin cikin ruwa suke buga misalin cinikin garari, watau sayen abin da ba a san adadinsa ba, ba a kuma tabbatar da samunsa ba, kuma haramun ne. In bashi ne, a bar shi bashi, kada ya jawo wa mai bayarwa riba. In sayen gaba ne, a yi shi bisa sharuɗɗan salam, a ambaci irin kifin da awonsa da ajalinsa, a rubuta, a kafa shaidu.

Ya kuma koka da masu su da gidan sauro, wanda ke kwashe 'ya'yan kifi tun ba su kai tsawon yatsa ba, da masu zuba gamalin cikin ruwa, ya kashe babba da ƙarami, a kai wa mutane guba kasuwa. Falke ke da maganin wannan, domin in ya ƙi saye, mai kamawa zai bari.

Ga mai niyyar zuwa ina da nasiha biyu. Kada a bar yara su yi wanka a gefen ruwa mai ciyawa, domin can ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da tsargiya suke, kuma yaron da anka ga jini cikin fitsarinsa a kai shi asibiti, akwai magani. Na biyu, kada a shiga jirgin da anka cika wa kaya fiye da kima. Ba mu manta da mutanen Gummi da jirgi ya kife da su a watan Satumba na 2024 ba.

Munka yi sallama rana na sama, na sayo banda ta cefanen gida, munka iso Maradun kafin kiran la'asar. Ranar Asabar da anka koma karatu, yaran nan biyu na sa sunka yi wa 'yan'uwansu bayanin cinikin garari, sunka kuwa yi shi da misalin tarun da sunka gani da idonsu.

Allah Ya jiƙan waɗanda sunka rasu, Ya ba ƙasarmu lafiya, Ya buɗe hanyoyinmu. Haza wassalam.