Gadon cutar sikila

Cutar sikila, wadda Hausawa ke kira amosanin jini, cuta ce da ake gadonta daga uwa da uba. Kowane mutum yana karɓar ƙwayar halitta ɗaya daga mahaifiyarsa, ɗaya daga mahaifinsa. Ƙwayar A tana rinjayar ƙwayar S, shi ya sa mai AS yakan rayu lafiya ƙalau, wani ma bai san yana ɗauke da ita ba. Mai SS ne ke fama da ciwon.

Yadda ake lissafi

Idan mai AS ya auri mai AS, yiwuwar haihuwar SS kashi 25 ne cikin 100, AS kashi 50, AA kuma kashi 25. Mutane da yawa suna zaton cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne kawai zai kamu. Wannan kuskure ne, domin kowane ciki lissafinsa daban, ana iya haifar masu SS biyu a jere. Auren AA da AS ba ya kawo SS. Tushen lissafin shi ne binciken da Gregor Mendel ya gabatar a 1865.

A Kano

A watan Mayun 2024, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanya hannu kan dokar da ta wajabta wannan gwaji kafin ɗaurin aure.